Ɗalibai da Aljihunsu: Rabe-raben 'Yan Jami'a na Ƙasar Funtuwa

Ɗalibin jami'a da ya fito daga ƙasar Funtuwa da Malumfashi, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yake karatu, ko a ta Bayero da ke Kano, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, yana rayuwa ne a ƙarƙashin kalanda biyu waɗanda ba su taɓa zama sun daidaita tsakaninsu ba. Ta farko ita ce kalandar gona, wadda a cikinta kuɗi ke shigowa gida da kaka, lokacin da ake kai masara da dawa da waken suya da auduga kasuwannin Funtuwa da Ɗandume da Bakori, sa'annan su koma ƙasa da faɗuwar damina a matsayin taki da iri da maganin feshi da ladan 'yan ƙwadago. Ta biyu ita ce kalandar jami'a, wadda ba ruwanta da farashin buhu, kuma tun bayan yajin aikin malamai na wata 8 da aka yi daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022 ta goce daga inda aka saba ganinta, har rajista kan iya faɗowa a tsakiyar marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma shi kansa maigida yake neman bashin taki. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da ƙarin kuɗin makaranta da jami'o'i da dama suka yi a wannan shekarar, sun ƙara wa lamarin tsanani. Hanyar da kowane ɗalibi yake bi ya rayu a tsakanin waɗannan kalanda biyu ita ce ke fito da ainihin halinsa, kuma a kanta ne za a iya kasa su rukuni-rukuni.

Na farko shi ne Mai Buhu, wato ɗalibin da gidansu ba ya aiko masa da kuɗi sai dai abin da gona ta bayar. Ana gane shi tun daga tashar Funtuwa, inda yake jayayya da ɗan kamasho a kan kuɗin kaya, domin yana tafe da rabin buhun shinkafa 'yar gida da garin masara da wake da galan ɗin man gyaɗa da ƙullin kuka da daddawa da kauɗar tumatir da gwangwanin yaji, kuma idan mutumin Ɗanja ne, har da mazarƙwaila. Attajiri ne da ba ya iya biyan kuɗin ɗan acaɓa, saboda haka duk harkarsa musaya ce: tiyar wake, wato kwanon awo guda, tana iya zama data ta wata ɗaya, ƙuli-ƙuli kuwa yana biyan kuɗin kwafin takardu. Kwaɗon da ke jikin akwatinsa ya fi duk wani abin da ya mallaka tsada, kuma a wuya yake rataye makullin har cikin banɗaki.

Na biyu shi ne Alhajin Mako Guda. Da zarar alat ya shigo, wato saƙon da banki ke turowa a waya cewa kuɗi sun sauka, sai tafiyarsa ta sake, muryarsa ta buɗe, ya nufi teburin mai shayi ya sa a soya masa indomi biyu da ƙwai huɗu, ya dubi duk wanda ke zaune a benci ya ce, "Ku ci, an biya." A cikin wannan mako ba ya taka ƙasa zuwa aji, ba ya karɓar canji, kuma ba ya cin abin da aka dafa a ɗaki. Daga mako na biyu yake komawa tsarin da ɗalibai ke kira sifili-ɗaya-sifili, ma'ana babu karin kumallo, akwai abincin rana, babu na dare. A mako na uku ne wata taƙawa ta musamman take sauko masa, ya riƙe azumin Litinin da Alhamis, ya kuma gano cewa idan aka jiƙa garin kwaki kafin a tafi lacca, kafin a dawo ya kumbura ya cika kwano. Kowane wata yana rantsuwa cewa wannan ne na ƙarshe, kuma da zuciya ɗaya yake rantsuwar.

Kishiyarsa a zahiri, ɗan'uwansa a sakamako, shi ne Mai Lissafi. Wannan yakan sayi sabon littafi a farkon zango, ya ja layuka da rula, ya ware wa abinci gida, mota gida, sabulu da data da gas kowanne gida, har da wani gida a ƙasa mai suna ko-ta-kwana. Kuɗin farko da suka fita ba tare da sun shiga lissafi ba su ne kuɗin littafin da rular. Lissafin nasa bai san da bikin ɗan ajinsu ba, bai san da tsinkewar takalmi ba, bai kuma san cewa farashin tiyar shinkafa a kasuwar Samaru ta Zariya ba ya jiran kowa ya gama jan layi ba, don haka yawanci shafi na uku ne ƙarshen rubutun, sauran shafukan kuma su zama na lacca. An lura cewa daga wannan rukuni ne ake samun waɗanda daga baya suke zama su rubuta dogayen bayanai a kan yadda sauran ɗalibai ba su iya tattali ba.

Rukunin da ya cancanci a tsaya a kansa sosai shi ne Baƙon Tukunya, domin shi ne kaɗai ya mai da rashin kuɗi fannin ilimi mai ƙa'idoji. Ba lallai ne ya san jadawalin laccarsa ba, amma ya haddace jadawalin girkin kowane ɗaki a benen da yake da wanda ke samansa: ya san ɗakin da ake garau-garau ranar Talata, ya san wanda ɗan Malumfashi ya dawo daga gida jiya da daddare, ya kuma san wanda gas ɗinsu ya ƙare, don kada ya ɓata sawunsa. Hancinsa yana bambance albasar da aka jefa a manja da wadda aka jefa a man gyaɗa daga nisan ɗaki shida, kunnensa kuma yana gane ƙarar murfin da aka ɗaga don dubawa da ta wanda aka ɗaga don saukewa.

Babbar gwanintarsa tana wajen sanin lokaci. Ba ya zuwa da wuri, domin mai zuwa da wuri akan miƙa masa albasa ya yanka, ko a ce ya kawo naira ɗari a cika a sayo magi. Ba ya kuma makara, domin mai makara sai ƙanzo. Yakan yi sallama ne daidai lokacin da aka juye a faranti aka barbaɗa yaji, kuma kullum da hujja a bakinsa, ko ya zo aron caja, ko ya zo tambayar ko an ɗaga laccar gobe, ko da yake ba sashensu ɗaya da masu ɗakin ba. Daga nan sai a shiga wata al'ada da kowa ya san ƙarshenta. Masu ɗaki za su ce, "Malam, bismilla." Zai ɗaga hannu biyu ya ce, "A'a wallahi, alhamdu lillahi, yanzun nan na tashi daga kai." Idan aka sake tayi, wanda kunya ke sa dole a sake, sai ya nisa ya ce, "To bari dai in sa albarka, kada ku ce na raina." A wannan gaɓa ne ake ganin ya zura hannu aljihun gaban rigarsa, inda sauran ɗalibai ke soke biro, ya zaro cokali.

Cinsa ma da tsari yake. Kafin loma ta farko yakan jefa wata tambaya mai zafi a kan siyasar Katsina ko wasan ƙwallon jiya, ya bar masu abinci suna musu, shi kuwa yana gyaɗa kai kawai, domin mai magana ba ya tauna. Ba ya miƙa hannu gaban kowa, tun da hakan rashin ladabi ne. Abin da yake yi shi ne ya haƙa ta ƙasa daga gabansa har tudun da ke gaban maƙwabcinsa ya rufto ɓangarensa, sa'annan ya ci abin da Allah ya kawo masa. Idan faranti ya yi fes yakan bayar da ra'ayi kyauta, cewa gishirin ya ɗan yi kaɗan, ko kuwa waken bai kai wanda aka ci a ɗaki na goma sha biyu laushi ba. Ba a taɓa ganin hannunsa cikin ruwan wanke-wanke ba, amma addu'arsa doguwa ce, tana haɗawa da iyayen da suka noma, da direban da ya ɗauko, da fatan Allah ya maimaita.

Masu ɗaki sun gwada dabaru iri-iri a kansa, kuma tarihi bai nuna wadda ta yi nasara ba. An gwada girkin ƙarfe biyu na dare, sai ya bayyana da littafi a hannu yana cewa ya fito karatun dare ne ya ga haske. An gwada kashe fitila da shigo da takalma ciki da yin shiru, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa a hankali yana cewa, "Mutanena, ai na ji motsin cokali." An gwada tura tukunya ƙarƙashin gado a zauna ana hira kamar ba a dafa komai ba, sai ya gyara zama a kan katifa ya ɗauko labarin da ba ya ƙarewa, har yunwa ta ci ƙarfin masu gida su jawo tukunyar da kansu, abincin ya huce, shi kuwa ya nuna mamaki ya ce ashe girki aka yi. Idan aka nemi a nuna masa cewa wannan tukunya ta 'yan gari ɗaya ce, yana da kaka a Malumfashi da goggo a Ƙafur da kawu da ya taɓa aiki a masaƙar Funtuwa, gwargwadon inda mai tukunyar ya fito. A zango na biyu kuma ba ya zuwa shi kaɗai, yana jawo wani sabon ɗalibi da yake gabatarwa da "ƙanena ne, ɗan garinmu," wanda shi ma akwai cokali a aljihunsa.

Ranar da nasa guzurin ya iso daga gida, Baƙon Tukunya yakan ɓace na tsawon mako guda, ƙofarsa a kulle, wayarsa a kashe, sai dai a gan shi daga nesa fuskarsa tana sheƙi. Duk da haka ba a iya korarsa, kuma dalilin bai tsaya ga cewa Bahaushe ba ya cin abinci a gaban baƙo bai yi tayi ba. Yawon da yake yi ɗaki-ɗaki ya sa ya fi kowa labari: shi ne farkon sanin ranar da za a rufe rajista, da inda ake sayar da gas da sauƙi, da tambayoyin da wani malami ya saba maimaitawa a jarrabawa, kuma idan ɗaya daga cikin masu ciyar da shi ya kwanta ciwo, shi ne mai kwana a asibiti, ko da yake shi ne kuma mai cinye abincin da aka kawo wa majinyacin. Bayan shekara goma, a wurin ɗaurin aure, shi ne zai rungume kowa yana cewa, "Kai, mun sha wahala tare."

Sai kuma masu ɗaga kai sama suna jiran tallafi, waɗanda su ma kashi-kashi ne. Akwai Mai Jiran Sikolashif, wato kuɗin da Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Katsina ke bai wa 'yan asalin jihar da ke manyan makarantu bayan sun gabatar da takardar shaidar ƙaramar hukuma an tantance su. Laifinsa ɗaya ne: tun ranar tantancewa ya kashe kuɗin sau uku, ya yi wa mai shayi alkawarinsu, ya yi wa mai kanti, ya yi wa mai gyaran waya, kuma kowannensu yana zaton shi kaɗai ne magaji. Kusa da shi akwai Mai Shela, wanda aikinsa shi ne ya tura saƙo a zauren WhatsApp na ɗaliban ƙaramar hukuma da tsakar dare cewa, "'Yan Bakori sun fara ganin alat." Cikin minti goma ɗaruruwan mutane za su duba asusunsu, banki ya cire musu kuɗin dubawa daga ɗan abin da ya rage, da safe kuma a nemi ɗan Bakorin da ya ga alat ɗin a rasa.

Zuwan asusun lamunin karatu na tarayya, wanda aka fi sani da NELFUND, ya haifar da sabon rukuni. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ake aiki da ita a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu, kuma tsarin shi ne asusun ya biya kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya riƙa bai wa ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata don ɗawainiya, ba tare da kuɗin ruwa ba, a fara biya shekara 2 bayan kammala bautar ƙasa ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi. A kan wannan ne Mai Fatawa ya samu abin yi. Yakan zauna a majalisa ya yi bayani da hujjoji cewa ɗan halas ba ya fara rayuwa da igiya a wuya, har ya sa wasu su janye. Sai ranar da kuɗin wata suka shigo aka ji wayarsa ta yi ƙara tare da ta kowa, sa'annan ya bayyana cewa shi ya cike ne don ya gane yadda abin yake, ya iya gargaɗin jama'a da ilimi.

Mai Cike Fom kuwa ba ya musu da kowa, domin ba shi da lokaci. Yana yawo da jakar roba cike da hotunan fasfo da kwafin sakamakon jarrabawa da takardar haihuwa da lambobin NIN da BVN, kuma ya nemi tallafin PTDF, wato asusun bunƙasa fasahar man fetur, ya nemi na gidauniyar MTN, ya nemi na hukumar tallafin karatu ta tarayya, har da waɗanda aka rubuta ƙarara cewa ba na fanninsa ba ne. Shekara biyu ana yi masa dariya cewa abin da ya kashe a shagon intanet ya isa rajista. Sai dai ya kamata a rubuta, don adalci, cewa a duk waɗannan rukunoni shi ne wanda wata rana sunansa ke fitowa, kuma daga ranar masu dariyar suke layi a ɗakinsa ya nuna musu yadda ake cikewa, bayan an rufe.

A ɓangaren masu neman na kansu, babu kamar Hajiyar Ɗaki, ɗalibar da ƙarƙashin gadonta kanti ne na hijabai da turaren wuta da humra da cincin, shafinta na WhatsApp kuma kasuwa. Ita ce uwar adashi, wato mai karɓar zubin da ƙawaye ke yi duk mako a bai wa mutum ɗaya bi da bi, kuma littafin bashinta ya fi littafin laccarta tsabta da cikar bayani. Tana iya manta ranar gwaji, amma ba ta manta naira ɗari biyu da aka rage mata tun zangon bara. Takwaranta namiji yana sayar da data yana kuma riƙe da na'urar POS, kuma har yanzu yana ba da labarin farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, da irin muryar da tsofaffin sarakuna ke tuna zamanin mulkinsu.

Ɗan Mainin shi ne wanda ya yi imani cewa arziki yana cikin dangwalar fuskar waya, yana tara wasu sulalla na intanet da ake cewa wata rana za su fashe, wato su yi daraja a sayar. Ya dangwali Pi shekara da shekaru, ya dangwali Hamster Kombat har yatsansa ya yi kanta, ya riga ya tambayi farashin mota da na fili a bayan gari, kuma da Hamster ta fashe a Satumban 2024 da yawa daga cikin irinsa abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba. Babban wansa shi ne wanda ya zuba kuɗin rajista a CBEX, wani shafin zuba kuɗi na intanet, don su ninka kafin a rufe shafin rajista, sai shafin CBEX ɗin ya riga rufewa a Afrilun 2025, kamar yadda MMM ta yi wa na gabansa a ƙarshen 2016. Shi kuwa Ɗan Ƙungiya kakarsa biyu ce, Salla da zaɓe: yakan ari babbar riga, ya sa a buga lambar yabo, ya jagoranci tawaga zuwa gidan wani mai muƙami ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibai suna bayanka ɗari bisa ɗari," kuma haɗin kan tawagar yana ƙarewa ne a bakin ƙofa, wurin buɗe ambulan. Mai Aro Zuwa Juma'a ba ya buƙatar dogon bayani, tun da bai taɓa faɗin wace Juma'a ba.

Akwai wani da ba a cika lura da shi ba, shi ne Mai Shiru. Sau da yawa ɗan wani ƙauye ne a Faskari ko Sabuwa da 'yan bindiga suka hana mahaifinsa zuwa gonarsa ta nesa, don haka babu buhu babu alat. Da hutu yana ƙwadago a gonakin wasu ko ya karɓi babur ya yi acaɓa a cikin Funtuwa, a makaranta kuma yana koyar da yaran unguwa da yamma, rigarsa biyu amma kullum a goge. Idan aka yi masa tayi ya ce ya ƙoshi, to ba zai zaro cokali ba, kuma wannan shi ne kaɗai abin da za a zarge shi da shi, domin akwai tukwane da yawa da suka fi son ganinsa a kan wanda suke gani.

Duk waɗanda aka lissafa ana iya yi musu dariya a kuma ci abinci tare da su. Wanda dariya ba ta kamace shi ba shi ne Mai Ƙirƙiro Kuɗi, ɗalibin da ya gano cewa mahaifinsa bai yi boko ba, ya mai da wannan rashin sani gonarsa. Yakan kira gida da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba, an ce a kai kuɗin firatikal zuwa Litinin, wanda bai kai ba ba zai zauna jarrabawa ba," alhali fannin da yake karanta babu ɗakin gwaji a cikinsa. Tsohon ba zai tambayi rasit ba, domin yana jin nauyin ɗansa ya ga kamar bai yarda da shi ba, abin da zai ce shi ne, "To, Allah ya rufa asiri, bari a ga abin da kasuwar gobe za ta yi." Washegari za a fitar da buhun masarar da aka ajiye don taki a sayar a farashin da aka samu, ko uwa ta ba da tunkiyarta a kai kasuwa, ko a ci bashin kaka, wato a karɓi kuɗi da damina a kan za a biya da buhu idan an girbe, a farashin da mai ba da bashin ya yanka. Kuɗin kuwa sabuwar waya za su zama, ko takalmi, ko cacar ƙwallo, ko walimar zagayowar ranar haihuwar wata da ba ta san sunan ƙauyensu ba. A shekara guda yakan biya rajista sau biyu, kuɗin kundin bincike tun yana aji biyu, da kuɗin wani katin shaida da ba a taɓa bugawa ba. Na zamani a cikin irinsa ya karɓi lamunin tarayya an biya masa kuɗin makaranta, bai faɗa a gida ba, ya sake karɓar kuɗin daga hannun tsohon, ya bar wa kansa bashi ya bar wa gida rami.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne yana ba da labarin a ɗaki yana dariya, yana kwaikwayon muryar mahaifinsa, yana kiran abin wayo. Ɓarnarsa ba ta tsaya a gidansu ba. Ƙanwarsa da ta ci jarrabawa ita za a ce wa ta haƙura, tun da an ga abin da jami'a ke ci; maƙwabcin da ke shawarar tura nasa ɗan zai lissafa buhunan da suka fita daga gidan ya fasa; ɗalibi mai gaskiya kuma, ranar da aka ƙara kuɗin makaranta da gaske, sai ya yi rantsuwa kafin a yarda da shi. Baƙon Tukunya abincin wanda ya gan shi yake ci, kuma yana godiya; wannan kuwa yana cin gumin iyayensa ne a bayan idonsu, yana kuma raina su a kan sun yarda da shi. Maganinsa ba wuya gare shi ba, domin kuɗin makaranta a rubuce suke a shafin kowace jami'a kuma kowane biya yana da rasit, sai dai a samu wani yaya ko malamin firamare a unguwa da zai riƙa dubawa, a kuma daina ɗaukar neman rasit a matsayin zargi.

Rabe-raben nan ba sa ƙarewa da karɓar digiri, sai dai su sake kujera. Da zarar an tafi bautar ƙasa aka fara karɓar alawus, wanda ya koma naira 77,000 a wata tun Maris ɗin 2025, sai waya ta yi ƙara, ƙane ne da ya shiga aji ɗaya yake cewa, "Yaya, abubuwa fa sun tsaya." Alhajin Mako Guda zai tura masa rabin alawus ɗin nan take, ya koma azumin Litinin da Alhamis. Mai Lissafi zai tura masa dogon saƙo a kan muhimmancin tattali, da shawarar ya sayi littafi da rula. Mai Cike Fom zai tura masa adireshin shafuka bakwai. Baƙon Tukunya zai tambaye shi ko babu 'yan Malumfashi a benensu. Mai Ƙirƙiro Kuɗi kuwa zai ce a turo masa hoton rasit da lambar biya da sunan malamin da ya ce a kawo, kuma a duk faɗin ƙasar Funtuwa babu ƙanen da ya kai nasa shan wahala kafin ya ga naira dubu biyu.